Garkuwar da ba ta tantance wanda take karewa: bitamin, gashin ciwon daji da raunin hanji

Matar da aka fara yi wa gashin ciwon daji na bakin mahaifa takan wuce makon farko lafiya lau. Ta kwanta a gadon na'ura na 'yan mintoci, ba zafi, ba ƙuna, ba abin da ta gani da idonta, ta sauko ta koma masauki. Sai an shiga mako na biyu ko na uku ciki yake fara murɗawa. Gudawa sau huɗu, sau shida a yini, wani lokaci da majina, ga yunƙurin bayan gida da ba ya fitar da komai. A daidai nan hankalin masu jinya yake tashi, kuma abin da ya fi saurin zuwa hannunsu shi ne kwalbar bitamin. Wani ya ce a sayo a kyamis, wata ta turo saƙo ta WhatsApp cewa bitamin C da E suna wanke gubar gashi daga jiki. Niyya ce ta alheri, kuma akwai ilimi na gaskiya a ƙarƙashinta. Sai dai wannan ilimin yana da ɗaya ɓangaren da ba a cika faɗa ba, wanda a ganina ya fi muhimmanci ga mai jinya fiye da wanda ake yaɗawa.

Sai an san yadda gashi yake kashe ciwon daji kafin a gane inda gizo ke saƙar. Ƙwayar halittar jikin mutum kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ce. Idan hasken na'ura ya ratsa ta, ba kasafai yake faɗa wa zaren gado na DNA kai tsaye ba. Ruwan da ke kewaye da zaren yake farfasawa, sai ɓarɓashin sinadari su fito waɗanda masana ke kira radikal, mafi haɗarinsu kuwa shi ne haidroksil. Shi wannan ɓarɓashi yana da giɓin elektiron ɗaya, don haka duk abin da ya tarar kusa da shi sai ya fizge masa nasa. Rayuwarsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ba, amma idan a gefen DNA aka haife shi, wannan ɗan lokacin ya ishe shi ya tsinka zaren. Kusan kashi biyu cikin uku na ɓarnar da hasken gashi ke yi wa DNA ta wannan hanya take zuwa. Iskar oksijin kuma ita ke tabbatar da ɓarnar, ta hana ƙwaya gyara abin da ya tsinke, har ma ƙwayoyin daji da ke cikin lungun da jini ba ya isa sosai sukan buƙaci kusan ninki uku na gashi kafin su mutu. Wannan na daga cikin dalilan da suke sa likitoci su nace a ƙara wa mara lafiya jini idan jininta ya yi ƙasa a lokacin gashi.

Abin ba baƙo ba ne a gidajenmu. Fizgar elektiron ɗin nan ita ce ke sa kwano ya yi tsatsa, yankakken yalo ya yi baƙi, man gyada ya canza wari idan ya daɗe a buɗe. Matsa lemon tsami a kan yalon ka ga ya jinkirta yin baƙi, to ka ga aikin antioksidan, wato abin hana tsatsa, da idonka. Wata masaniya 'yar Ajantina, Rebeca Gerschman, ita da abokan aikinta suka rubuta a 1954 cewa gubar oksijin da ɓarnar hasken eksire hanyarsu ɗaya ce, wato waɗannan radikal. Daga nan tunanin ya samo tushe: in dai tsatsa ce ke yin ɓarnar, me zai hana a ba jiki abin hana tsatsa?

To me ya sa hanji ne ke shan wahala fiye da fata ko tsoka ko ƙashi da hasken ya bi ta cikinsu? Cikin ƙaramin hanji shimfiɗe yake da 'yan tsirarrun yatsu kamar gashin tawul, su ne ke tsotse abinci da ruwa. A gindin kowannensu akwai ramuka inda uwayen ƙwayoyi suke zaune suna haihuwa ba dare ba rana, sababbi su hau sama, tsofaffi su zube. Cikin kwana 3 zuwa 5 an sake wa hanji sabuwar riga gaba ɗaya. Tun 1906 wasu Faransawa biyu, Bergonié da Tribondeau, suka lura cewa ƙwayoyin da suka fi saurin rabuwa su ne gashi ya fi yi wa illa. Wannan dokar ita ce ta sa gashi yake cin ciwon daji, ita ce kuma ta sa yake cin hanji. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Idan uwayen ƙwayoyi suka ragu, tsofaffin da ke sama suna ci gaba da zubewa a kan ƙa'idarsu ba tare da masu maye gurbinsu ba, yatsun su gajarce, ruwa ya daina tsotsuwa, ƙwayoyin cuta su sami kafar shiga bango. Shi ya sa gudawar ba ta zuwa a ranar farko, sai rigar da aka tarar ta ƙare. An san wannan tun da wuri ƙwarai. Shekara biyu kacal bayan Röntgen ya gano hasken eksire a 1895, wani likita a Ingila mai suna David Walsh ya ba da labarin mutumin da ke aiki da hasken yana fama da murɗar ciki da gudawa, abin ya lafa da ya rufe cikinsa da dalma.

Ana auna gashi da ma'aunin da ake kira gire. Gire 10 da zai sauka a dukkan jiki lokaci ɗaya yana iya saɓule hanji ya kashe mutum cikin mako biyu, irin abin da ya faru da wasu daga cikin ma'aikatan tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, inda mutum 134 suka kamu da cutar gashi mai tsanani, 28 suka rasu cikin watannin farko. Amma mai ciwon bakin mahaifa ana ba ta gire 45 zuwa 50 a ƙugu ta rayu, saboda wuri ɗaya ake nufa, kuma ana rarraba shi kashi 25 zuwa 28, gire biyu ko ƙasa da haka a kullum, kwana biyar a mako. Tsakanin yau da gobe lafiyayyun ƙwayoyi suna samun sararin gyara kansu fiye da yadda na daji ke iyawa. Wannan ratar ita ce dukkan jarin gashi, kuma ba ta da faɗi. Ga ciwon bakin mahaifa ana son a kammala komai cikin mako takwas, domin duk kwanakin da aka ƙara suna ba dajin damar farfaɗowa. Gudawar da ta kwantar da mace har aka dakatar da gashinta mako guda ba ƙaramar asara ba ce, don haka neman abin da zai kare hanji ba shagali ba ne.

Gudawar lokacin gashi takan lafa cikin makonni bayan an gama. Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce ta baya, mai zuwa bayan wata shida, ko shekara biyu, wani lokaci bayan shekara goma ko ashirin, lokacin da iyali suka daɗe da yin sadakar godiya. Wannan kusan wata cuta ce daban. Ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da bangon hanji suna kauri daga ciki har su toshe, bangon ya rasa jini, tabo ya maye gurbin tsoka, hanji ya yi tauri ya ƙuntace. Jiki yakan yi ƙoƙarin tsiro da sababbin jijiyoyi, amma sirara ne marasa ƙwari, bayan gida ya goge su kaɗan sai jini. Idan ƙarshen ƙaramin hanji ne ya taɓu, ruwan madaciya da ya kamata a tsotse a can ya wuce babban hanji ya jawo gudawa kamar ruwa, bitamin B12 ma ya daina shiga jiki. Ga wasu kuma, ƙwayoyin cuta ne suke taruwa a inda hanji ya daina motsi da kyau. Mafi muni shi ne toshewar hanji ko hudewar da ke kawo yoyon kashi. Likitan ciki Jervoise Andreyev, wanda ya yi shekaru yana duba irin waɗannan marasa lafiya a asibitin Royal Marsden na Landan, ya daɗe yana nuna cewa mafi yawan waɗanda aka yi wa gashin ƙugu bayan gidansu ba ya komawa yadda yake a da, kuma kusan rabinsu abin yana taɓa rayuwarsu ta yau da kullum. A cikin wannan tabon, kumburi ba ya mutuwa gaba ɗaya, ƙwayoyin garkuwar jiki suna ci gaba da fitar da radikal shekara da shekaru bayan an kashe na'ura. A lura da wannan, domin shi ne ya raba tambayar bitamin gida biyu: shan sa lokacin da ake gashi, da shan sa bayan an gama.

Yadda bitamin ɗin suke aiki abu ne mai ban sha'awa. Bitamin E mai narkewa ne a cikin mai, don haka a cikin kitsen bangon ƙwaya yake zama. Idan radikal ya kunna wa wannan kitsen wuta, ɓarnar takan yi ta tsalle daga ƙwayar mai zuwa ta kusa da ita kamar gobarar daji, sai E ya miƙa nasa elektiron ya yanke ta. Da ya miƙa ya zama fanko, sai bitamin C da ke cikin ruwan ƙwaya ya sake cika shi. Bitamin A da kakansa bita-karotin, wanda ke ba manja da karas launinsu, suna ɗan taɓa wannan aikin, amma babban amfanin A ga hanji shi ne taimaka wa sabuwar fata ta tsiro a kan rauni. Duk da haka bitamin ƙaramin ɓangare ne na rundunar. Manyan mayaƙan jiki ne yake ƙera su da kansa, irin su gulutatayon da wasu sinadaran da ba sa aiki sai da seleniyom ko zinki ko manganis.

A jikin ɓeraye labarin yana da daɗin ji. A 1949 Harvey Patt ya nuna cewa sinadarin sistin, idan aka ba ɓera kafin a haska shi, yana ƙara masa damar tsira. Tsoron yaƙin nukiliya ya sa cibiyar binciken sojan Amurka ta Walter Reed ta gwada sinadarai fiye da 4,000, daga ciki aka sami amifostin, wanda har yau ana amfani da shi jefi-jefi, ko da yake yana sa amai da faɗuwar hawan jini. An sha gwada bitamin E da C da A a kan ɓerayen da aka haska wa ciki, aka ga ramukan uwayen ƙwayoyi da suka tsira sun fi yawa. Wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne gama-tokotirayenol, ɗaya daga cikin nau'o'i takwas na bitamin E, wanda ake samu da yawa a manja. Masu bincike a Jami'ar Arkansas sun nuna a 2009 cewa yana rage raunin hanji a ɓeraye, kuma wani ɓangare na aikin nasa ba ta hanyar hana tsatsa yake bi ba, jijiyoyin jini yake karewa ta hanyar da magungunan rage kitse a jini suke bi.

Sai dai a dubi yadda ake waɗannan gwaje-gwajen. Ɓera lafiyayye ne, ba shi da daji. Gashi ɗaya mai ƙarfi ake yi masa, ba kashi 25 ba. Bitamin ɗin sau da yawa allura ake yi masa kafin gashin, a adadin da in aka kwatanta da nauyin mutum ya wuce duk abin da ake haɗiya. A ƙirga ramukan hanjinsa bayan kwana uku ko huɗu, a rufe littafi. Tambayar da mace mai daji take yi, wato ko dajin nata zai mutu kuma hanjinta ya zauna lafiya nan da shekara biyar, yawancin irin wannan gwaji ba ya ma taɓa ta.

A jikin mutane, abin da ake da shi game da raunin baya ɗan kaɗan ne. A 2001 likitoci a Chicago sun ba mutum 20 masu raunin dubura bayan gashi bitamin E awo 400 (wato IU da ake rubutawa a jikin kwalba) da bitamin C miligiram 500, kowanne sau uku a rana, suka ba da rahoton cewa jini da gudawa da matsuwar bayan gida sun ragu. Wannan binciken shi ne ake ta ambato har yau. Matsalarsa ita ce babu wani rukuni da aka ba ƙwayar bogi don a kwatanta, alhali jinin dubura bayan gashi ciwo ne mai tashi da lafawa, kuma da yawa yakan yi sauƙi da kansa. Mutum yakan je asibiti ne ranar da abin ya yi tsanani, duk abin da aka ba shi a ranar kuwa shi zai ci yabo. A 2005 an yi wani gwaji da ya fi tsari da bitamin A, awo 10,000 na tsawon kwana 90: bakwai cikin goma da suka sha sun sami sauƙi, biyu cikin tara a rukunin ƙwayar bogi. Alama ce mai kyau, amma mutum 19 ba sa kafa hukunci. A Faransa, Sylvie Delanian ta nuna cewa haɗa bitamin E da maganin sakin jini na fentoksifilin yana tausasa tabon gashi a fata da naman ƙirji. An yi fatan hanji ma zai amsa. Asibitin Royal Marsden ya gwada haɗin fentoksifilin da tokotirayenol na manja a kan masu fama da raunin hanji bayan gashin ƙugu, da rukunin ƙwayar bogi a gefe, aka buga sakamakon a 2022: ba a ga bambanci ba. Yadda abin yake ke nan: duk lokacin da gwajin ya ƙara tsauri, amfanin sai ya ƙara dusashewa.

Yanzu ga ɓangaren da na ce ba a cika faɗa ba. Ƙwayar bitamin da aka haɗiya ba ta da adireshi. Jini ne ke ɗaukar ta, jinin da ke zuwa hanji kuwa shi ke zuwa dajin. In har tana iya tare radikal a bangon hanji, babu abin da zai hana ta tare shi a ƙwayar daji, alhali radikal ɗin nan shi ne makamin da aka sayar da gona ko shanu aka zo nema. Wannan fargaba ba ta tsaya a kan takarda ba. A lardin Quebec na Kanada, Isabelle Bairati da abokan aikinta sun raba mutum 540 masu dajin kai da wuya gida biyu, rabi aka ba su bitamin E awo 400 kullum tun daga ranar fara gashi har shekara uku bayansa, da farko har da bita-karotin, rabi kuma ƙwayar bogi. Sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna illolin gashi sun ɗan yi sauƙi ga masu shan bitamin, daidai yadda aka zata. Amma dajin ya fi dawowa a cikinsu, kuma da aka ci gaba da bibiya aka ga mutuwa a rukuninsu ta fi ta ɗaya rukunin da kusan kashi 38 cikin 100. Da aka sake tsefe alƙaluman a 2008, sai aka ga cutarwar ta taru ne a kan masu shan taba a lokacin gashi, waɗanda haɗarinsu ya ninka fiye da sau biyu. Garin neman gira aka rasa ido.

Wani zai ce ai wannan dajin maƙogwaro ne, ba na mahaifa ba, kuma matanmu ba mashaya taba ba ne. Gaskiya ne, kuma bai kamata a miƙe sakamakon ya wuce inda ya tsaya ba. Amma shi ne gwaji mafi girma da aka yi kan shan waɗannan bitamin tare da gashi, kuma ba shi kaɗai ne ya nuna wannan alƙibla ba. A Finland an ba mashaya taba maza fiye da 29,000 bita-karotin ko bitamin E don kare su daga daji, a 1994 aka ga dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin 100 a masu shan bita-karotin. A Amurka da maƙwabtanta an gwada bitamin E awo 400 a kan maza fiye da 35,000 don hana dajin furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, a 2011 aka ga ya ƙaru da kashi 17. Ƙwayar daji, saboda haukan girmanta, tana rayuwa ne cikin tsatsar da ta kusa kashe ta, don haka ɗan tallafin da aka kai mata yana iya yi mata amfani fiye da yadda zai yi wa lafiyayyar ƙwaya. Wanda ke cewa dajin ƙugu daban ne, a kansa hujja take, ba a kan mai taka-tsantsan ba.

Akwai gwaji ɗaya da nake ganin ya fi kusa da halin da marasa lafiyarmu suke ciki, ko da yake ba na bitamin ba ne. A Jamus an zaɓi mata 81 masu dajin mahaifa ko bakinta waɗanda aka auna jininsu aka tabbatar suna da ƙarancin seleniyom, aka ba rabinsu shi a lokacin gashi. Gudawa mai tsanani ta sauko daga kusan kashi 44 zuwa kusan kashi 20 cikin 100, kuma bibiyar shekaru ba ta nuna dajin ya amfana ba. Ƙaramin gwaji ne, amma darasinsa a bayyane yake: cike giɓi daban, tula ƙari a kan wanda ya ƙoshi daban. Yawancin manyan gwaje-gwajen da suka nuna cutarwa a kan mutanen da ba su rasa abinci ba aka yi su. Macen da ta zo daga ƙauye bayan wata takwas tana zubar jini, ta rame, ba ta iya cin tuwo, halinta ba irin nasu ba ne, kuma likitanta yana iya rubuta mata ƙwayar bitamin ta yau da kullum ko maganin ƙarin jini. Wannan daidai ne, kada a ƙi sha saboda abin da na faɗa a sama.

Bambancin yana cikin adadi. Babban mutum yana buƙatar miligiram 15 na bitamin E a rana, kafso mai awo 400 kuwa ya ninka haka sau 12 zuwa 18. Bitamin C miligiram 75 ne ga mace, 90 ga namiji, goba ɗaya mai kyau ta biya wannan har da saura, amma ƙwayar nan da ake jefawa a ruwa tana kumfa miligiram 1,000 ce. Abin da hanji bai tsotse ba daga irin wannan adadi yakan ja ruwa ya ƙara gudawar da ake gudu. Bitamin E mai yawa yana rage daskarewar jini, abin da ba a so ga mai zubar jini ta dubura, musamman in yana shan asfirin ko wafarin. Bitamin A mai yawa yana taruwa a hanta ya cutar da ita, kuma haɗari ne ga ɗan tayi. Babu wani gwaji da ya nuna cewa miyar zogale ko kuka, ko gwanda, ko gyaɗa, ko lemo sun taɓa kare daji daga gashi, don adadin da ke cikin abinci bai kai can ba. A ci gwargwadon abin da ciki ya karɓa. Amma kada labarin tokotirayenol ya sa a riƙa ɗura wa mara lafiya manja da cokali, domin maiƙo yana tsananta gudawa ga wanda ƙarshen hanjinsa ya taɓu. Garin ganyayyaki da ake tallatawa a kafso da tsada kuwa, ba wanda ya san ainihin abin da ke cikinsu, balle adadinsa.

Wani abin mamaki ya fito daga Jami'ar Iowa, inda ake ɗura bitamin C ta jijiya a adadin giram masu yawa. A wannan matakin ya daina zama mai hana tsatsa, ya koma mai haddasa ta, yana fitar da sinadarin da ƙwayoyin daji ba su iya kawar da shi da sauri kamar lafiyayyu. A ɓeraye ya ƙara wa gashi kaifi a kan dajin fankiriyas, gaɓar cikin nan mai fitar da insulin, tare da rage raunin hanji. Har yanzu bincike ne, kuma ba abin gwadawa ba ne a ɗakin allura na unguwa, musamman a yankinmu inda ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, ya yawaita, wanda irin wannan ɗurin yana iya farfasa wa mai shi jajayen ƙwayoyin jini.

Abin da ya tabbata yana kare hanji shi ne kada hasken ya same shi tun farko. A asibitin Tata Memorial na Mumbai an gwada mata 300 da aka yi wa tiyatar dajin bakin mahaifa, rabi aka yi musu gashi irin na da, rabi da na'urar da ke lanƙwasa haske ya bi siffar wurin da ake nufi ana duba hoto kafin kowane zama. Rahoton 2021 ya nuna raunin hanji na baya ya sauko daga kashi 42 zuwa kashi 21 cikin 100, ba tare da dajin ya sami sassauci ba. Babu bitamin da ya taɓa zuwa kusa da wannan. Har ƙaramin umarnin da ma'aikacin na'ura yake bayarwa, “Hajiya, ki sha ruwan nan, kada ki yi fitsari sai mun gama,” kariya ce ta gaske, domin cikakkiyar mafitsara tana tura ƙaramin hanji sama ya fita daga hanyar haske. A ƙiyasin 2020, Nijeriya tana samun sababbin masu dajin bakin mahaifa kusan 12,000 a shekara, kusan 8,000 suna rasuwa, wuraren gashi kuwa ƙalilan ne, irin na Shika a Zariya da na Sakkwato da na Abuja. Nijar sai a 2021 ta buɗe nata na farko a Yamai. Kuɗin da iyali za su zuba a kwalaben bitamin masu tsada sun fi amfani a kuɗin mota da masauki da abinci, don kada a tsallake zama ko ɗaya. In gudawa ta zo a lokacin gashi, ruwan gishiri da sukari da maganin tsayar da ita da likita zai rubuta su ne matakin farko, kuma a nuna masa duk wata kwalba ko ƙullin magani da ake sha a gida, na kyamis ne ko na gargajiya.

Bayan an gama gashi an tabbatar dajin ya kwanta, fargabar kare shi ta ragu sosai, kuma likita yana iya gwada bitamin A ko E da C na ɗan lokaci a kan raunin dubura mara tsanani, yana sane da cewa hujjar ba ta da ƙarfi. Amma kafin nan sai an gano me ke faruwa, domin ruwa ba ya tsami banza. Gudawar ruwan madaciya tana da garin maganin da ke ɗaure shi. Taruwar ƙwayoyin cuta tana jin maganin kashe su. Ƙarancin B12 allura yake so. Jijiyoyin da ke zubar da jini ana yi musu ɗurin sukuralfet ta dubura, ko a ƙone su da iskar argon ta na'urar leƙa hanji. Jinin kuma yana iya zama dajin ne ya dawo, ko wani sabo ya tsiro, abin da kafso ba zai nuna ba.

A wajenmu duk jinin da ya fito ta dubura basir ake kiransa, kunya kuma takan sa mace ta shekara tana fama ba ta faɗa wa ko 'yarta ba. Haɗarin shi ne a kai ta wurin mai yanka ko ɗaure basir. Naman da aka gasa jininsa kaɗan ne, ba ya warkewa kamar sauran nama, ƙaramin yanka a wurin yana iya zama gyambon da ba ya rufewa ko ya huda ya koma yoyon kashi. Ko a asibiti likitoci suna taka-tsantsan wajen tsinko nama daga irin wannan wuri. Takardar da aka ba ku ranar sallama, mai ɗauke da wurin da aka gasa da adadin gire da kwanan wata, a adana ta tare da takardun gida, a tafi da ita duk inda za a duba cikin wannan baiwar Allah, ko da shekara goma sha biyar ta wuce.